Katakon Gindin Taga

Duk wanda ya ce ni na yaɗa maganar katakon Gavrila, ya zo ya faɗa a gaban idona. Mutum ɗaya tak na gaya wa, ita ma a kunne. Amma bari in kama labarin ta ka, kada in kama shi ta wutsiya.

Sunana Nastaka. Shinge ɗaya ne tsakanin gidana da na tsoho Gavrila, kuma ni na tsaya wa ɗansa Toader da matarsa Dokiya a coci ranar aurensu. Saboda haka abin da ya shiga gidan da abin da ya fita, haƙƙina ne in sani.

Tun ranar da aka kawo Dokiya take fama da daɓen babban ɗaki. Katako ne tun na kakan Gavrila, ya yi baƙi, ya gantsare, tsakanin wannan da wancan sai ka zura yatsa. Ka taka bakin ƙofa, farantan da ke rataye a bango su amsa. Duk Asabar tana durƙushe tana dirzar shi da toka da ruwan zafi, in ya bushe kamar ba a taɓa ba. Ga dardumomin da ta saƙa da hannunta jibge a kan sanda har rufi, ga matasan kai masu ado, ɗaki kamar na amarya, amma ƙasa abin kunya. Bara ƙafar kujera ta burma da matar limamin coci a kai, da kofi a hannunta. Ni dai na daure, sai da na zo gida na yi dariyata. Dokiya kuwa ta daɗe ba ta fita ɗiban ruwa sai ta leƙa ta ga ba kowa a rijiya. A garinmu mace da babban ɗakinta ake auna ta.

In ta yi magana sai Gavrila ya ce, "Katakon da ya ɗauki ubana da kakana, ke ce za ki fi ƙarfinsa?" Toader kuma yana can Italiya yana aikin gini shekara da shekaru, sai watan Agusta muke ganinsa, da mota da baƙin tabarau.

Bana dai Allah ya nufa. Toader ya iso, ya sa aka kawo farin katako daga injin yanka na cikin kwari, mai ƙanshi, an goge shi sumul. Gavrila ya zagaya tulin, ya ƙwanƙwasa ɗaya da sandarsa, ya taɓe baki.

"Ku yi abin da kuka ga dama," in ji shi, "amma ba a gabana ba."

Dama layinsa ya zo na karɓo cuku wajen makiyayan da ke kiwon tumakin gari a kan dutse. Ya ɗaura wa doki kaya, ya ce sai safiyar bikin cocinmu zai sauko. Bikin nan kuwa ba wasa ba ne. Dangi daga ƙauyukan kewaye duk suna zuwa, in an tashi daga addu'a kowa ya bi nasa gida a ci a sha. Dokiya ta ƙudurta a ranta, wannan karon a kan sabon daɓe za a ci.

Ƙurar dokin ba ta kwanta ba Toader da abokinsa Simion suka sa ƙarfe suka fara ɓanɓara. Kai, abin da aka tarar a ƙasa! Cokula, allurai, maɓallai, sheƙar ɓera, har da ɗan kunnen da Ilishka, matar ƙanen mijina, ta yi shekaru tana zargin wata baiwar Allah da sace mata. Wannan wani labarin ne daban.

Da yake gidansu ya koma ƙura da ƙusa, a kicin ɗina muka yi girkin biki. Ana gobe biki ni da Dokiya muna zaune muna naɗe nama da shinkafa cikin ganyen kabeji, muna jiyo guduma ta bayan shinge, kwas, kwas. Duk bugu ɗaya sai ta yi murmushi. Da rana tsaka gudumar ta yi shiru. Shirun ya yi tsawo. Dokiya ta ajiye ganye.

"Lele Nastaka, ko sun gama ne?" in ji ta. A garinmu Lele ake ce wa macen da ta girme ka, namiji kuma Bade.

"Ko dai sun gano inda surukinki ke ɓoye kwalba," na ce mata. "Naɗe, 'yar nan, tukunya ba ta cika ba."

Can sai muka ji zarto, sannan guduma ta dawo. Abin da ya faru, daga baya na ji shi. Kakan Gavrila da ido ya gina ɗakin nan, ba da igiya ba, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi, Toader kuwa ta ƙuntataccen gefen ya auna. Katako ya ƙare, saura wuri kamar taku biyu a gindin taga, ga shi an rufe injin yanka saboda biki. Sai ya hau tsani zuwa saman rumbun ciyawa, ko zai samu wasu guntaye. Ya tura hannu ƙarƙashin ciyawa ya ji bargo. Cikin bargon, katako.

Da yamma suka kira mu mu gani. Dokiya ta cire takalmi a bakin ƙofa, ta taka da tafin ƙafa a hankali kamar mai taka ƙanƙara. Ta je tsakiyar ɗaki ta yi ɗan tsalle. Ko ƙit. Ta rufe baki da gefen kallabinta, idonta ya cika. Toader yana tsaye da garin katako har cikin gira, yana hura hanci.

"Lele, zo ki ga abin da tsohon nan ya ɓoye ya bar mu muna sayen na banza! Itacen steyar ne, busasshe kamar ƙashi. Sai da zarto ya yi zafi kafin ya ci."

Na duba gindin taga. Duk ɗakin fari ne, amma can katakon ja ne kamar zuma, masu faɗi, masu kauri. Nan take na gane shi. Na yi alamar gicciye.

"Toader, ɗana, kafin ka yanke su, yaya tsawonsu?"

"Kamar tsawon mutum, da ɗan ƙari."

"Tsawon wane mutum?"

Ya tsaya yana kallona kamar ɗan maraƙi. Dokiya ce ta fara ganewa, ta zauna daɓas a ƙasa. Simion da ke tsaye a kan jan katakon ya cire hula, ya ja da baya da sanɗa.

A wajenmu tsoho mai hankali ba ya jira 'ya'ya su sayo masa akwati a birni. Tun da ƙarfinsa yake tanadin katakonsa, ya adana, kowa ya sani amma ba mai ambata. Itacen nan kuma na san shi tun yana tsaye. A kan iyakar gonarmu da tasu yake. Gavrila da marigayi mijina Grigor sun yi shekaru suna gardamar na wane ne, ƙarshe suka gaji, suka sare shi suka raba. Rabon Grigor yana can maƙabartar bayan coci, shi yana kwance a ciki.

"Akwatin gawa?" in ji Toader. "Baba? Mutumin da ke hawa dutse da ƙafa? To me ya sa ba wanda ya gaya mini?"

"Ana faɗar wannan a waya?" na ce. "Barka da yamma, yaya Italiya, ubanka ya tanadi akwatinsa?"

"Zai sa a ɓanɓare," Dokiya ta ce. "Na san shi. A gaban baƙi zai sa a ɓanɓare. Kuma a sarƙe suke, wannan cikin wancan, in aka ciro na gefe sai an lalata rabin ɗaki."

Can ta tashi, ta jawo babbar dardumarta mai jajayen furanni daga kan sanda, ta shimfiɗa a gindin taga, ta ɗora benci a kai. Ta ce a bari biki ya wuce, baƙi su watse, ita da kanta za ta gaya masa. Sannan ta juyo ta kama hannayena duka biyu.

"Lele, don Allah. Don darajar Bade Grigor. Yau da gobe kaɗai ki riƙe bakinki."

Ji wata magana, kamar ni ce mai sakin baki a garin nan. Na yi alkawari, kuma na riƙe shi har lokacin tatsar saniya. Sai ga Ilishka ta shigo aron faranti, ta kalli fuskata ta ce, "Nastaka, me kika haɗiye ya maƙale?" To, mutum yana iya riƙe garwashi a baki? Na sa ta rantse, ta rantse. Abin da ta yi da rantsuwarta tsakaninta da Mahaliccinta ne.

Da safe Gavrila ya sauko da cuku, ya wanke fuska a kwamin shanu, ya sa farar rigarsa ya wuce coci, bai ko leƙa babban ɗakin ba. A harabar coci mutane suka yi ta zuwa suna riƙe hannunsa da hannu biyu.

"Bade Gavrila, Allah ya ja kwana!"

"Bade, Allah ya ƙara nisan kwana, ya bar mana kai!"

Ya matso kusa da ni. "Nastaka, me ya samu mutanen nan yau? Kwana nawa na yi a dutse da har suka yi kewata haka?"

"Farin jini ne, maƙwabci," na ce, na sa idona kan ƙararrawa.

Aka tashi, aka ɗunguma gida. Dokiya ta jera teburi, ga kabeji naɗe yana tururi, ga tuwon masara da sabon cuku, ga soyayyen nama, ga kwalbar giyarmu horinka wadda ƙanshinta kaɗai ya isa ya sa mutum tari. Mata suka yi ta yaba daɓe, suna shafawa da ƙafa. Matar limami ta zauna a kujera, ta ɗan jijjiga ta gwada, ta ce, "Yauwa!" Gavrila ya shigo, ya buga ƙasa da dunduniya, ya ce, "Hm," ya zauna a bakin teburi. A bakin Gavrila wannan "hm" ɗin yabo ne. Fuskar Dokiya ta fara sakewa.

Da a ce mutanenmu suna da wayo, da an wuce lafiya. Amma wa zai taka akwatin mutum, mutumin kuma yana zaune yana kallonsa? Bencin gindin taga shi ne wurin da ake rububi duk shekara saboda iska, yau ba kowa a kai. Baƙi duk sun cunkushe gefen ƙofa, gwiwa na gugar gwiwa, ana zufa. Wani ƙaton ɗan'uwansu daga ƙauyen gaba ya nufi bencin da farantinsa, matarsa ta fizgo shi ta ɗamara har miya ta zube. Limami ya tashi yayyafa ruwan albarka a kusurwoyin ɗaki, ya yi uku lafiya, da ya zo ta huɗu sai ya tsaya daga nesa, ya miƙa hannu ya watsa kamar mai ba kaji tsaba.

Gavrila ya ajiye cokali. Ya kalli bencin, ya kalli jama'a, ya kalli ni. Ni kuwa na ga wani abu mai muhimmanci a cikin farantina.

"Me ke ƙarƙashin dardumar can, maciji?"

Ya tashi da kansa, ya ture benci, ya kama gefen darduma ya yaye.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka yi ƙara. Ya shafa jan katakon da tafin hannu, ya bi wani kulli da yatsa, ya daɗe a kai.

"Toader," ya ce, bai ɗago ba. "Kawo ƙarfe."

"Baba, ban sani ba, na rantse. Ka bari, zan sayo maka wani a birni, mai sheƙi, da hannaye na ƙarfe, da farin yadi a ciki..."

Wayyo wannan yaro, da ya yi shiru. Gavrila ya ɗago, wuyansa ya yi ja.

"Na garin katako da gam? Wanda damina ɗaya ke narkarwa? In je in kwanta kusa da Grigor, shi cikin steyar, ni cikin kwali, ya yi ta yi mini dariya har tashin ƙiyama? Na ce kawo ƙarfe!"

Toader bai motsa ba. Dokiya ce ta fita. Muka ɗauka kuka za ta je yi bayan gida, sai ga ta ta dawo da ƙarfen a hannu. Ta miƙa masa.

"Ga shi, Baba. Don ni aka yi daɓen nan, ni na matsa. Shekara da shekaru ina wanke na da a durƙushe, ba ka taɓa jin na ɗaga maka murya ba, yau ma ba zan ɗaga ba. Katakonka ne. In za a cire, a cire yanzu, kada in kwana ina jira."

Ya karɓa. Ya nemi inda zai sa bakin ƙarfen tsakanin katako da katako, bai samu ba. Ya matsa gaba, ya sake nema. Ya zaro wuƙarsa ya gwada, ko tsininta bai shiga ba.

"Wa ya haɗa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Hm. Ashe ba yawo kaɗai kake yi a can ba."

Sai ya lura da tsawonsu. Ya ajiye ƙarfe, ya auna da hannu, ya girgiza kai. Kafin kowa ya ankara ya miƙe ya kwanta rigingine a kan katakon, da farar rigarsa, ya harɗe hannaye a ƙirji. Mata suka sa salati irin namu, Ilishka ta saki faranti. Ƙafafunsa sun zarce jan katakon sun hau fari.

"Ka yi kyau, maƙwabci," na ce. "Saura kyandir."

"Rufe mana baki, tsohuwar ƙararrawa," in ji shi. "Ba ki ga ya yanke ba? Ko an ciro su, sai dai a binne ni a naɗe kamar kabejin can."

Wani ya ƙyalƙyale da dariya, matarsa ta zungure shi. Gavrila kuwa bai tashi ba. Rana ta shigo ta taga ta sauka a kan ƙirjinsa, iska na kaɗa labule. Daga inda yake kwance yana hangen gangaren gonarsa da kan hasumiyar coci. Ya lumshe ido. Dokiya tana tsaye tana murɗa gefen zaninta, mu duka muna jira, kabeji yana hucewa.

"Wurin nan da daɗi," ya ce a ƙarshe. "Duk tsawon rayuwata a gidan nan ban taɓa sanin haka yake ba. Simion, kai da Toader ku ɗauko mini gadona daga kicin."

"Gado?" in ji Dokiya. "A babban ɗaki, Baba?"

"Katakona ne ko ba nawa ba? Don in kwanta na tanade shi. Ban samu ciki ba, zan kwanta a kai. Daɓenki yana nan, ba mai taɓa miki. Ni ma ina nan."

Na ga fuskarta tana lissafi: ga sabon daɓe, ga kuma tsoho da lofensa da tarinsa da safarsa a tsakiyar dardumominta. Sai dariya ta ƙwace mata, hawaye na zuba.

"To, Baba. Amma takalmi a waje."

"Kai kuma," ya nuna Toader da yatsa daga kwance, "ba akwatin birni. Da Kirsimeti za ka zo, cikin tsakiyar sanyi, lokacin da ruwan itace ya sauka. Mu je mu zaɓi wani, ka sare da hannunka, ka kai inji."

"Zan zo, Baba."

"Kuma steyar ba ya bushewa a shekara ɗaya ko biyu. Sai ku yi haƙuri da ni, ba inda za ni sai ya bushe. Kama ni in tashi."

Toader ya ɗaga shi. Limami ya gyara murya, ya ce tunda mai abu ya mayar da shi daɓe, to daɓe ne, ya tako ya tsaya a kai da ƙafa biyu. Shi ke nan aka yi rububin gindin taga. Simion ya ɗauko gogensa, aka ture teburi gefe, aka yi rawa har ƙaton ɗan'uwan nan ya jiƙe sharkaf. Ni ma na taka, ba zan ɓoye ba, da Gavrila kuma, ya taka mini ƙafa da gangan.

Yanzu gadon yana can gindin taga. Dokiya tana mita kullum a kan toka da safa, amma in ka leƙa da safe za ka gan ta tana yawo a ɗakin ba takalmi, tana shafa wa katako mai, jan ma har ya fi samun hannu. Toader ya zo da Kirsimeti kamar yadda aka ce, sabon katako yana saman rumbu, an rubuta masa suna da gawayi manya-manya. Ni kuma nakan shiga da la'asar in zauna wajen tsohon, mu sha shayin ganye, ya zage ni in zage shi. Ashe tagar nan duk hanyar gari take kallo, ba mai wucewa ba mu gan shi ba.

Nawa katakon kuwa na sa an sauko mini da shi daga saman rumbu, na tura ƙarƙashin gadona, inda ƙafata ke taɓa shi. Ɗana ma a Sifen yake aiki, kuma ya fara maganar sabon daɓe.